Mafara, Bakura Da Maradun: Kafin Ki Saya Wa Auta Tabarau

Wataƙila ke ma autanki ya tasa ki gaba sai an saya masa tabarau ɗin nan na VR, wanda da zarar mutum ya ɗaura a fuska sai ya ga kamar an jefa shi wata duniya. Kafin ki kwance bakin zane, yafa mayafinki mu leƙa yammacin Zamfara tukuna.

Idan kika taso daga Gusau kika kama hanyar Sakkwato, za ki iso Talata Mafara. Ki daidaita zuwanki da ranar Talata, ranar da kasuwa ke ci. Ga buhunan shinkafa jibge, ga albasa, ga dankali, ga rake. Yaro mai wayo zai tambaye ki, "Umma, daga ina duk wannan?"

Amsar tana madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato. Tafkinta ya mamaye kimanin hekta 8,000. Ta ɓangaren Maradun za ki ga masunta a kwale-kwale suna jefa taru. Daga madatsar magudanai ke ɗaukar ruwa zuwa gonaki har ƙasar Bakura, inda kwalejin aikin gona ta jiha take. Da rani, ko'ina ya bushe ƙayau, amma nan kore shar.

Ruwan nan yana da tarihi mai ɗaci. A 1980 manoman da aikin ya raba da gonakinsu suka fito neman diyya, 'yan sanda suka buɗe wuta, aka rasa rayuka. Wannan labari a bakin kaka yaro zai ji shi, bayan ta tare ku da "Mi kunka kawo muna?"

Na san abin da za ki ce: hanya fa? Gaskiyarki. A Fabrairun 2021 aka sace ɗalibai mata 279 a Jangebe, cikin ƙaramar hukumar Mafara. A Agustan shekarar aka kai hari kwalejin Bakura, a Satumba kuma aka kwashe ɗalibai a wata sakandare a ƙasar Maradun. Iyaye da yawa sun rage kai yara gida hutu. Uwar da ta tsare ɗanta a ɗaki, ta nemi abin da zai ɗebe masa kewa, ba abin zargi ba ce.

Sai dai ki fara duba shekarunsa. Kamfanin Meta ya sa iyakar shekara 10 ga tabarau ɗinsa na Quest tun 2023, shi ma sai da kulawar iyaye. Sony ya ce nasa ba na ƙasa da shekara 12 ba ne, Apple kuwa 13. Akwai dalili. Nauyin Quest ya kai kusan rabin kilo, wuyan yaro kuma bai yi ƙwari ba. Gilasansa an auna su da tazarar idon babba, don haka yakan jawo jiri da gajiyar ido. Ga tuntuɓe, tunda ba ya ganin gabansa.

Idan autanki bai kai goma ba, ki haƙurƙurtar da shi. Ki roƙi dangi su ɗauko muku bidiyon kasuwa da gonaki a waya, ku kalla tare, kina gaya masa sunan kowane abu.

Idan ya kai, ki zaɓi wanda ake iya matsa gilasansa da ɗaure maɗaurinsa daidai kan yaro, wanda kuma zai ba ki damar tantance wasanni da toshe hira da baƙi. Batirinsa awa biyu ne ko sama kaɗan, amma kada ki bari ya cinye shi a zama ɗaya. Minti goma zuwa sha biyar ya huta, kina kusa, an kawar da kaya, kuma ba lokacin salla ko Islamiyya ba.

Ranar da 'yan uwa na can suka tabbatar miki hanya ta yi kyau, ki ɗauke shi da hantsi ku je ya tsoma hannu a ruwan Bakolori, ya sha raken Mafara. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya raya mana zuri'a.