Kwabon Sarkin Da Bai Shekara Ba



Ina tara tsofaffin kuɗin ƙarfe na Ingila, kuma duk wanda ya ga tarin nawa tambayarsa ɗaya ce: wanne ya fi tsufa? An ɗauka tsufa ke kawo tsada. A wurin gwanjon kuɗi kuwa abu uku ake saye: ƙarancin abin, lafiyarsa, da labarin da ke bayansa.

Sarki Edward na Takwas ya hau gadon sarautar Ingila a Janairun 1936, ya yi murabus a Disambar shekarar, saboda ya nace sai ya auri Wallis Simpson, wata Ba'amurkiya da ta taɓa aure. Ma'aikatar buga kuɗi ta Royal Mint ta riga ta shirya kuɗi masu hotonsa, amma ba a sake su ba, sai 'yan na gwaji suka rage. A 2020 wani mai tara kuɗi ya sayi ɗaya daga cikinsu, fam na zinariya, a kan fam miliyan 1.

A ƙasarmu kuwa sunan sarkin nan ya shiga kasuwa. Kwabo da sisin kwabo da anini da Turawa suka buga wa Afirka ta Yamma ba su da hoton sarki, huji ne a tsakiyarsu, suna kawai ake rubutawa a kewaye. Don haka an buga su da sunan Edward a 1936, da yawa kuwa, kakanninmu suka sayi goro da gishiri da su. Ina da kwabo ɗaya irin wannan, kuma kuɗin aiko shi daga Landan ya fi kuɗin sayensa. Sarki ɗaya, zamani ɗaya, yawa da ƙaranci kawai suka raba farashin.

Gidajen gwanjo irin su Spink da Noonans na Landan suna sa jerin kayansu a intanet kafin ranar, da hoto da ƙiyasin farashi da bayanin yadda kuɗin ya goge. Farashin da aka sallama ba shi ne ƙarshe ba. Gidan zai ɗora ladansa, wajen kashi ɗaya cikin biyar ko fiye, sannan kuɗin aike, sannan canjin naira zuwa fam. Ni kafin a fara nakan lissafa duk wannan, in rubuta iyakata a takarda. In taye ya wuce ta, sai in bar wa mai rabo. Gwanjo na da zafi, kuma wanda ya shiga don kada a kayar da shi, shi ke biyan kuɗin zuciya.

Akwai kuma jabu. Kwabon Ingila na 1933 ƙwaya bakwai ko kusa da haka aka sani an buga, shi ya sa mayaudara ke gyara lambar wata shekara ta koma 1933. In an yi maka tayinsa da araha, ka tuna araha ba ta ado.

Abin da ya sa na kawo mana wannan zance shi ne, kullum muna rubuta "ba shi da ko sisi", "ko anini bai bayar ba". Mu nawa muka san sisi kwabo shida ne, taro kwabo uku, kwabo 12 sule, sule 20 fam, har zuwan naira a 1973? Mai rubuta labarin wancan zamani ya kamata ya taɓa jin nauyin kwabo a tafinsa, ya ga hujin da ake zura zare.

Ku tambayi tsofaffin gida, wataƙila akwai saura a ƙasan adudu. In kun samu, don Allah kada ku goge shi da toka ko lemon tsami. Duhun da shekaru suka sa masa yana cikin darajarsa, kuma in ya tafi ba ya dawowa.

Allah ya ƙara mana basira.