Ɗakin Da Ake Ja Da Mota, Da Takardar Mai Gidan Hayata

Jama'a, yau ba maganar siyasa na kawo ba, ko da yake in kun karanta zuwa ƙarshe za ku ga ba ta yi nisa da ita ba.

Sati uku da suka wuce na dawo daga ofis na tarar da takarda daga mai gidan da nake haya. Kuɗin haya ya kusa ninkawa, kuma wata uku aka ba ni, in biya ko in tattara. Shekara 18 ina aikin gwamnati, da digirina, da 'ya'ya huɗu, amma takarda mai layi shida ta hana ni barci. A daren ina zaune a falo ina ta lissafin da ba ya fita, sai babban ɗana ya miƙo min waya yana dariya. Ya ce, "Abba, ga maganin mai gida."

Bidiyon wani dattijo ne Ba'amurke yana nuna wani ɗan ɗaki mai taya biyu da ya ɗaura a bayan motarsa. Gabansa a kumbure, bayansa ya tsuke, shi ya sa suke kiran sa ɗigon hawaye. Cikinsa katifa ce kawai ta mutum biyu, ba ka iya miƙewa tsaye. Ta baya kuma akwai murfi kamar but ɗin mota, in ka ɗaga sai ga kicin: risho, kula, kantar kwanuka. A tsaye kake girki, a waje. Na yi dariya, amma bayan yaron ya kwanta na kai ƙarfe biyu ina karatu a kan abin nan.

Ashe tarihi ne da shi mai tsawo. Sunan da Turawa ke kiran irin waɗannan ɗakuna, wato karaban, asalinsa kalmar Farisanci ce da ke nufin ayari, irin na fatake. Wanda ake yawan ambata a matsayin na farko da aka ƙera don yawon shaƙatawa, a 1885 aka yi shi a birnin Biristol na Ingila, don wani likitan sojan ruwa mai ritaya, Dokta Gordon Stables. Dawaki biyu ke jan sa. Mutumin ya tashi daga kudancin Ingila har Sukotilan, da mai kora dawaki, da barantakinsa, da karensa. Kun ga dai tun farko abin na masu hali ne. A 1907 masu wannan sha'awa suka kafa ƙungiya a Birtaniya, kuma har yau tana nan.

Shi kuwa ɗigon hawaye ɗan wahala ne. A shekarun 1930 ya fito a Amurka, bayan karyewar tattalin arziƙi ta 1929, lokacin da mutane ba su da kuɗin otal kuma motocinsu ba su da ƙarfin jan kaya mai nauyi. Mujallun masu aikin hannu suka riƙa buga zanensa, kowa ya je ya harhaɗa a bayan gidansa. Faɗinsa ƙafa 4, tsawonsa ƙafa 8, don haka ake sayar da fallen katako, ba sai an yi asarar yanka ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, kayan soja suka yi ambaliya a kasuwa, sai aka riƙa sa masa tayoyin jif ana lulluɓe shi da alminiyam ɗin jiragen yaƙi. Yawancinsu ba su kai kilo 500 ba, ƙaramar mota ma za ta ja. Da arziƙi ya dawo, motoci suka ƙara girma, mai ya yi araha, sai aka watsar da shi aka koma manya. Intanet ce ta dawo da shi a ƙarshen shekarun 1990, da tsofaffin zanen suka sake yawo.

Akwai kuma babban yayansa, Airstream, mai ƙyalli kamar jirgin sama marar fiffike. Wally Byam ne ya kafa kamfanin a farkon shekarun 1930, kuma a 1959 ya jagoranci ayarin irinsu daga Kef Tawun har Alƙahira. Har 'yan sama jannatin da suka dawo daga duniyar wata a 1969, cikin irinsa aka killace su. Yau mutane na tono tsofaffin nan daga gonaki da garejoji, su gyara, su goge, su taru ana baje koli. Wani sai ya kashe abin da ya fi kuɗin sabo wajen gyaran tsoho.

To wallahi sai abin ya shiga raina. Ran Asabar na je wurin mai waldar da ke min gyara, na nuna masa. Ya juya wayar sama da ƙasa, ya ce, "Yallaɓai, wannan ai ba aiki ba ne. Ka samo min ƙafar baya ta tsohuwar mota, kafinta ya yi bodi, sati biyu an gama. Amma ina za ka ajiye shi?" Na yi shiru. Ya ce, "Kuma a watan Afrilu za ka shiga akwatin ƙarfe ka rufe? Ai gasa ka zai yi. Banɗaki fa?"

Tambayoyinsa uku sun fi duk karatun da na yi. Can inda abin ya samo asali, akwai filayen da aka ware don masu irin ɗakunan nan, da ruwa, da wuta, da banɗaki, ka biya na kwana ɗaya ko biyu. Kuma mutum zai iya tsayawa a bakin daji ya kwana, ya tashi da safe ya dafa shayi. Mu nan wa zai ajiye ɗaki a gefen hanyar Abuja zuwa Kaduna ya yi minshari? Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, motar ma ba kullum nake fita da ita ba, balle in ɗaura mata jela.

Da na ba uwargida labari, ba ta ma ɗago kai daga tsintar shinkafa ba. Ta ce, "Maigida, mu shida ne. Su wa za ka sa a ciki, su wa za ka bari a waje?"

Amma abin da ya fi tsaya min a rai daban ne. Ɗaki ɗaya ne, amma masu shigarsa iri biyu ne. Akwai wanda yake da gida, ya kulle, ya tafi hutun ƙarshen mako, ya ɗauki hoto. Akwai kuma wanda ba shi da inda zai koma. A Amurkar ma haka ne. Lokacin yaƙi gwamnati ta riƙa zuba ma'aikatan masana'antu a irin waɗannan ɗakuna saboda ƙarancin gidaje. Bayan guguwar Katrina ta 2005 an saka dubban iyalai a ciki, daga baya aka gano sinadarin da ke cikin katakon yana sa su rashin lafiya. Fim ɗin Nomadland da ya ci kyautar Oscar a 2021, labarin dattawa ne da suka rasa aiki da muhalli suka koma zama a mota suna bin aikin ƙwadago gari-gari.

Mu ma muna da namu, ba ma dai faɗa ne. Ina da abokin aiki, ba zan kama suna ba, mai mata da 'ya'ya a wani gari da ke wajen birni. Daga Litinin zuwa Alhamis a motarsa yake kwana. Ya kwantar da kujera, ya rataye kayansa a baya, da asuba ya yi wanka kafin masu shara su iso. Kuɗin motar zuwa da dawowa kullum ya fi ƙarfin albashinsa. Ranar da na nuna masa bidiyon bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Shi ko ƙafarsa yana miƙewa." Na rasa abin da zan ce masa.

An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, amma duk wanda ke haya ya san inda ƙarin ya tafi. Don haka masu cewa ma'aikaci ya koyi rage buri, a yi mana adalci. Wanda ya rage don ganin dama daban, wanda aka rage wa daban.

Sai dai ni ma dole in faɗi laifina. Shekara tara ke nan da na sayi fili ta hanyar adashin ofis, a bayan gari. Na biya aka zana min gida mai ɗaki huɗu, da falo biyu, da ɗakin cin abinci, da ɗakin baƙi. Zanen na nan cikin durowa. Ban sa ko bulo ɗaya ba, wai ina jiran kuɗin da zai isa a yi gaba ɗaya, kada a ce wane ya gina ɗan akurki. A cikin shekarun nan kuɗin buhun siminti ya ninka ya sake ninkawa ina kallo. Hayar da na biya kuwa, da tuni ta yi min rufi. Mutanen 1930 ɗin nan fallen katako suka auna, suka yi ɗaki daidai shi. Ni kuwa idon jama'a na auna.

Jiya na kira magini muka je filin. Mun yanke ɗaki biyu da falo, da kicin, da banɗaki, a kusurwa ɗaya, yadda za a iya ƙarawa in hali ya samu. Zan nemi mai gida ya karɓi na wata shida, in sayar da motar in ta kama. Babu silin, babu tayil, babu fenti a farko. 'Yan mata ɗaki ɗaya, mu ɗaya, samari falo. Uwargida ta yarda, da sharaɗin a fara haƙa rijiya kafin komai, kuma ta fi ni gaskiya.

Ban sani ba ko zan gama kafin wa'adin ya cika. In akwai wanda ya bi ta wannan hanya, ya shiga gidansa ba a kammala ba, don Allah ya faɗa min abin da ya yi nadamar rashin yi tun farko. Ɗana kuwa har yanzu yana nan a kan bakansa, wai in an gama ginin a bar masa gefe ɗaya na filin, shi zai ƙera nasa ɗigon hawayen. Na ce masa ya fara cin jarrabawa tukuna.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba kowa inda zai sa haƙarƙarinsa.