Kafet Nawa Rumfa Za Ta Ci?

A makaranta an koya mana cewa mai son sanin girman fili sai ya ninka tsawonsa da faɗinsa. Lissafin daidai ne, sai dai mai sayar da kafet ba murabba'i yake yanko wa mutum ba. Naɗi ne a gabansa mai faɗin da masana'anta ta riga ta ƙayyade, galibi mita 2 ko mita 4, kuma iyakar abin da zai iya shi ne ya warware ya yanke tsawon da aka faɗa masa. Da yake aikina koyarwa ne, maƙwabta a nan Maraɗi sukan kawo mini irin wannan lissafi idan biki ko azumi ya gabato, ana son shimfiɗe rumfa ko wani sashe na tsakar gida. Kusan kowa da adadin murabba'i yake zuwa a takarda, ni kuwa tambayata ta farko ita ce faɗin naɗin da ya gani a kasuwa.

Kafin lissafi, ɗalibin Hausa zai so ya rarrabe kalmomin. Tabarma ta kaba ce ko ta roba, darduma kuwa saƙaƙƙiya ce mai iyaka da ado, wadda ake saye sukutum yadda take. Kafet, kalmar aro daga Ingilishi, shi ne wanda ake yanka daga naɗi. Na waje ana yinsa da zaren roba wanda ba ya shan ruwa, shi ya sa yake jure raɓa da feshin damina. Kowane yanki da aka shimfiɗa daga bango zuwa bango zan kira shi falle, inda falle biyu suka gamu kuma mahaɗa.

Mu ɗauki rumfa mai tsawon mita 7 da faɗin mita 5. Girmanta murabba'in mita 35 ne. Idan naɗin mita 2 ne aka kuma shimfiɗa fallayen bisa tsawon rumfar, mita 5 na faɗi zai ci falle biyu da rabi, wato uku ke nan, tunda ba a sayar da rabin faɗi. Falle uku sau mita 7, mita 21. Idan aka juya su suka bi faɗin rumfar, mita 7 zai ci falle uku da rabi, wato huɗu, kowanne mita 5, jimilla mita 20. Juyawa kawai ta rage mita guda. A naɗin mita 4 kuwa bambancin ya fi tsanani: falle biyu na mita 5 sun wadatar, mita 10 ke nan da mahaɗa ɗaya tak, amma wanda ya shimfiɗa su bisa tsawo zai sayi mita 14. Wannan murabba'in mita 56 ne, ga rarar 21 da ta zarce rabin rumfar kanta, kuma duk an biya kuɗinta.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Masaƙanmu na gargajiya siraran ƙyallaye suke saƙawa, maɗinki ya jera su gefe da gefe har su zama riga ko zane, girman tufa kuma da yawan ƙyallayen ake saninsa. Mai auna kafet irin ƙirgar da yake yi ke nan.

Akwai dabarar da masu tsimi suke so. A naɗin mita 2, falle uku sun rufe mita 6, saura siririn wuri mai faɗin mita 1 da tsawon mita 5. Maimakon cikakken falle na huɗu, sai a sayi mita biyu da rabi, a tsaga shi biyu a tsaye, a haɗa kai da kai. Jimilla mita 17 da rabi, babu ko ƙyallen asara. A takarda abin sha'awa ne, kuma a cikin ɗaki ban ƙi shi ba. A waje kam ba na ba da wannan shawara. Kowace mahaɗa ƙofa ce ga rairayi, nan iskar hunturu take samun bakin ɗagawa, nan kuma ƙafar tsoho take harɗewa. Ga shi kuma gashin kafet yana da kwanciya ta fuska ɗaya. Idan aka juya guntu ɗaya baibai, hasken rana zai nuna shi tamkar wani launi daban. Ragowar falle na huɗu ma ba ta zama banza ba, domin ita ake sawa a dokin ƙofa, ita ce kuma abin faci ranar da garwashin shayi ya faɗo.

Awon kansa yana son haƙuri. Bangon ƙasa ba kasafai yake miƙewa sak ba, na bulo ma sau da yawa haka, don haka nakan auna tsawo a wuri uku, gefe biyu da tsakiya, in riƙe mafi tsawo. Sannan in ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ta ɓangarorin biyu. A rumfar mita 7 da 5 wadda kusurwoyinta suka daidaita, kowace igiya za ta ba da kimanin mita 8 da santimita 60. Idan ɗaya ta fi ɗaya, wurin a karkace yake, sai a ƙara rara. Ko babu karkata, nakan ƙara santimita 10 a kowane falle saboda datsa baki, mita 20 ɗin nan ya koma kusan 20 da rabi. Dirkokin rumfa ba a cire su daga lissafi, zagaye su ake yi da wuƙa. Abin da ake cirewa shi ne bakin rariya da inda indararo yake zuba, gama ruwan da ya kwanta ƙarƙashin kafet wari yake jawowa ko da zaren bai sha shi ba. Kuma kada a yanka da zarar an kawo. A warware shi a inuwa ya yini ya miƙe, musamman a zafin Afrilu da Mayu da yake haura digiri 40, lokacin da roba take saki.

Dattawa har yanzu sukan ce wuri kamu kaza ne ko gaba kaza. Kamu daga gwiwar hannu ne zuwa kan yatsa, gaba kuwa buɗin hannu biyu, da ita ake faɗin zurfin rijiya. Kalmomi ne masu daɗi, ɗalibi ya riƙe su, amma kamun dogo ba na gajere ba ne, kuma kafet da aka yanke ba a mayar da shi. Ko an koma cikawa, ba lalle a tarar da naɗin jiya ba, sabon kuma yakan ɗan saɓa a launi.

Mu da ke bakin iyaka muna da ƙarin tarko guda. A Nijar da mita ake awo, a kasuwannin Katsina da Kano kuwa yadi ya fi yawa a bakin ƴan kasuwa, har kalmar ta zama sunan tufafin da ake aunawa da ita. Yadi santimita 91.44 ne. Wanda ya aiki direba ya ce a yanko masa “ashirin” bai ambaci ma'auni ba, yana iya karɓar mita 18 da santimita 29, falle na huɗu ya tsaya bai kai bango ba. Mita 20 da rabi na rumfarmu kusan yadi 22 da rabi ne, kuma a takardar saƙo nakan rubuta duka biyun, tare da faɗin naɗin da aka yi lissafin a kansa.