Tsirkiya da Ƙoƙo: Zaɓen Amfilifaya da Akwatin Lasifika ga Mai Jitar Zamani

Duk wanda ya taɓa riƙe gurmi ko garaya ya san cewa tsirkiya ita kaɗai ba ta da murya. In ka ɗaure ta tsakanin turaku biyu ka kaɗa, ba abin da za ka ji sai ɗan siririn amo wanda bai fi kukan sauro ba. Ƙoƙon da ke ƙarƙashinta, da fatar da aka rufe shi da ita, su ne ke ɗaukar wannan girgiza su mai da ita sauti. Marigayi Ɗanmaraya Jos ya yi shekaru yana kaɗa kuntigi, wanda cikinsa ɗan gwangwani ne da aka lulluɓe da fata. Da a ce an ɗora tsirkiyar nan tasa a kan babbar ƙwarya, da wani abin kiɗa daban muka saurara. Jitar lantarki ma haka take, sai dai ita ƙoƙonta ba a jikinta yake ba. Yana can gefe guda, waya ce ta haɗa su, watau amfilifaya da akwatin lasifika. A kan zaɓen waɗannan biyu nake son in ɗan tofa albarkacin bakina, musamman ga wanda ya koma ga na'urorin nan na zamani masu kwaikwayon amfilifaya. Ni ma ina cikin masu amfani da su, kuma na sha ganin 'yan'uwa makaɗa sun zuba kuɗin da suka daɗe suna tarawa a kan kayan da ba su dace da juna ba.

Kafin in shiga gundarin magana, ya kamata in share wa malamaina da 'yan'uwa ɗalibai fage, tun da ba kowa ne ya saba da waɗannan kaya ba. Amfilifayar jita irin ta dā, kamar waɗanda Leo Fender ya ƙera a Amurka ko Jim Marshall ya fara ƙerawa a Landan a shekarar 1962, sassa uku ne suka haɗu suka yi ta. Akwai sashen gaba, wanda ke karɓar ɗan raunannen lantarkin da jita ta aiko ya ba shi launi. Akwai sashen ƙarfi, wanda ke ninka shi har ya isa ya motsa abu mai nauyi. Sa'an nan akwai lasifikar kanta a cikin akwatinta na katako, wadda ke tura iska zuwa kunne. Na'urar kwaikwayo kuwa wata 'yar kwamfuta ce da ke lissafa yadda waɗannan sassa suke sarrafa sauti, ta maimaita aikinsu ba tare da tana ɗauke da ko ɗaya daga cikinsu ba. Kamfanin Line 6 ya fitar da POD a 1998, Fractal Audio ya biyo da Axe-Fx a 2006, Kemper na ƙasar Jamus ya zo da tasa a 2011, sai Helix a 2015. A yau mutum yana iya rataya jaka ɗaya a kafaɗa alhali muryoyin amfilifayoyi da dama suna cikinta. To, amma lantarkin da ke fita daga wannan na'ura bai isa ya girgiza takardar lasifika ba. Dole a nemo mata mai ƙarfafawa da makogwaro, kuma a nan ne fa ake yin ta.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, lasifikar jita ba amintacciyar 'yar aike ba ce. Ba ta isar da saƙo yadda aka ba ta. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti tun daga mai girgiza sau 20 a daƙiƙa har zuwa kusan sau 20,000, amma lasifikar jita mai faɗin inci 12 tana fara yin ƙasa da murya da zarar an wuce wajen 5,000. Wannan naƙasa ce in da a rediyo ne, amma a jita ita ce rufin asiri. Idan makaɗi ya matsa wa amfilifaya don ya sami wannan gurnani da aka san jitar lantarki da shi, tarin ƙananan sautuka masu kaifi suna tasowa a sama, masu kama da ƙarar ƙudan zuma a cikin gwangwani. Lasifikar ce ke tankaɗe su, kamar yadda rariya ke raba gari da tsaki. Bugu da ƙari, kowace lasifika da nata karin harshe. Celestion Vintage 30 tana da tsini a tsakiyar murya, ita kuwa 'yar'uwarta da ake kira Greenback ta fi ta taushi. A nawa ɗan sauraron, sauya akwati ya fi sauya amfilifaya canza muryar jita.

Masu ƙera na'urorin kwaikwayo sun san da haka, don haka suka sanya kwaikwayon akwatin ma a ciki. Yadda ake yi shi ne, a kafa makirufo a gaban akwati na gaske, sau da yawa Shure SM57, a aika wa akwatin wani sauti na gwaji, a ɗauki amsar da ya bayar, a ajiye ta a matsayin ɗan ƙaramin fayil. Masu sana'ar suna taƙaita sunan wannan fayil da haruffan IR. Ni kuwa zan kira shi hoton akwati. Mai karatu ya lura da kyau: hoton nan ba na akwati kaɗai ba ne, har da makirufon da wurin da aka kafa shi. Watau abin da na'urar ke fitarwa shi ne muryar jita kamar yadda ake jin ta a faifai, bayan ta ratsa makirufo, ba kamar yadda mai tsaye a gaban akwatin yake jin ta ba. Daga wannan gaɓa hanya ta rabu biyu.

Hanya ta farko ita ce a bar hoton akwati a kunne, a nemo lasifikar da ba ta ƙari ba ta ragi, irin wadda ake yi wa laƙabi da FRFR. Irin wannan tana da babbar lasifika don kaurin murya da ƙarama don siririyar murya, kuma galibi amfilifayarta tana cikin cikinta, ba sai an sayi wata ba. Amfaninta a fili yake. Abin da makaɗi ya ji shi ne kusan abin da jama'a za su ji daga manyan lasifikokin zauren biki, kuma in ya tashi daga kwaikwayon Fender ya koma na Marshall, kowanne zai fito da akwatinsa. Duk da haka, da wuya ka zauna da tsofaffin makaɗa ba ka ji suna kushe ta ba, suna cewa sautin ba shi da jiki, kamar mutum yana sauraron kansa a rediyo. Ban ga laifinsu ba, domin gaskiya suka faɗa, sai dai ba su faɗi dalili ba. Makirufo yana manne da bakin lasifika ne, tazararsa ba ta wuce 'yan yatsu ba, alhali kunnen makaɗi ya saba da tsayawa taku uku ko huɗu daga akwati, yana jin abin da ya bugi bango da ƙasa ya dawo. In akwatin mai buɗaɗɗen baya ne, har ta baya yake watsa sauti ya cika ɗaki. Hoton da aka ɗauka daga wuri guda ba zai iya mayar da wannan duka ba.

Hanya ta biyu ita ce a sayi amfilifayar ƙarfi ita kaɗai, a haɗa ta da akwatin jita na gaske. Wanda ya bi nan zai sami wannan bugun iska a ƙafar wando da ake kewa. Amma akwai sharaɗi wanda ba a tsallake shi: dole a kashe hoton akwati a cikin na'urar. In ba haka ba an tankaɗe gari sau biyu ke nan, sautin zai fito a dushe kamar an lulluɓe akwatin da bargo, sai mai kaya ya yi ta zargin na'urar da ba ta ji ba ta gani ba. Haka kuma akwai farashin da ake biya. Duk amfilifayoyin da ke cikin jakar nan za su yi magana da bakin akwati ɗaya. Abin ya yi kama da a ba Basakkwace rubutun Bakano da na Bazazzagi da na Badamagare ya karanta a fili: kalmomin na masu su ne, amma karin nasa ne. Wasu kamfanoni sun yi ƙoƙarin tsayawa tsakani, kamar Powercab da Line 6 ya fitar a 2018, wanda ke kwaikwayon lasifikoki daban-daban ba tare da makirufo ba, amma kuɗinsa ba na ɗalibi ba ne.

Ita kanta amfilifayar ƙarfin iri biyu ce a kasuwa. Akwai mai bawul, irin kwalaben nan masu haske da ke cikin tsofaffin akwatunan rediyo, akwai kuma mai taransista, wadda mafi yawanta a yau ake ginawa bisa tsarin da ake kira aji D, marar nauyi, marar zafi sosai. Mai bawul ba ta riƙe lasifika da ƙarfi. Tana sakar mata linzami, lasifikar ta yi ta kai da komo yadda take so a wajen kaurin murya, kuma wannan ba-ni-in-ba-ka yana daga cikin abin da hannun makaɗi ke jin daɗinsa. Sai dai ita ma tana da nata launi, saboda haka wanda ya haɗa ta da na'urar kwaikwayo ya kamata ya kashe kwaikwayon sashen ƙarfi, in na'urarsa ta ba da damar haka. Ni dai na fi karkata ga mai taransista. Dalilina kuwa shi ne, wanda ya sayi na'urar kwaikwayo ya riga ya biya kuɗin launi. Abin da ya rage masa shi ne mai ɗaukar kaya da ba zai taɓa kayan ba. Daɗin daɗawa, bawul yana tsufa, yana tsoron jijjigar hanya, kuma in aka kaɗa amfilifaya mai bawul ba a haɗa ta da lasifika ba, taransifomarta tana iya ƙonewa.

Yanzu sai lissafi, wanda makaɗa da yawa ke gudu, alhali shi ne ke tsakaninsu da asara. A bayan kowane akwati an rubuta lamba da ake kira om, galibi 4 ko 8 ko 16, wadda ke nuna irin turjiyar da lasifika ke yi wa lantarki. Mai bawul tana son a daidaita wannan lamba da tata daidai wa daida. Mai taransista kuwa tana da iyakar da ba a sauka ƙasa da ita. In an rubuta 4 ka ba ta 2, za ta yi zafi ta ɗauke, ko ta lalace. A tuna kuma cewa akwatuna biyu masu om 8, in aka jona su kafaɗa da kafaɗa kamar yadda ramukan bayan yawancin amfilifayoyi suke yi, sun koma 4. Ƙarfin da amfilifayar taransista ke bayarwa yana bin wannan lamba: amfilifayar da ke cikin Kemper mai ƙarfi tana ba da wat 600 a om 8, amma 300 a om 16. To, ga inda haɗarin yake. Greenback ɗaya wat 25 take ɗauka, huɗu a akwati guda sun zama 100, Vintage 30 kuwa 60. Wanda ya haɗa wat 600 da lasifika ɗaya mai wat 60 ya murɗa maɓalli har ƙarshe, warin ƙonewa ne zai ba shi labari. Wannan ba ya nufin a guji amfilifaya mai yalwar ƙarfi. Mai taransista in ta kai iyakarta sautinta yakan fashe da muni, ba kamar mai bawul ba da ke lanƙwasawa a hankali, saboda haka ana son ta da rara. Hannun mai murɗawa ne abin tsaro.

Kada kuma yawan wat ya ruɗi mai saye. Ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa, kuma kafin kunne ya ce ƙara ta ninku sai an ninka wat kusan sau goma. Vintage 30 tana ba da desibel 100 daga wat ɗaya tak, in an auna a tazarar mita ɗaya. Masana lafiyar ma'aikata a Amurka sun ƙiyasta cewa desibel 85 na awa takwas shi ne iyakar abin da kunne ke jurewa a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. A desibel 100 saura minti 15 ke nan. Na san makaɗan da ke kwana da shuwa a kunne bayan kowane biki, suna ɗaukar abin wasa.

Abin da na tsaya a kai ga kaina shi ne raba hanya. Yawancin na'urorin nan suna da mafita fiye da ɗaya. Ta ɗaya nakan aika sauti mai hoton akwati zuwa ga mai kula da lasifikokin zaure, ta ɗayar kuma in aika marar hoto zuwa ƙaramar amfilifayar taransista da akwati mai lasifika ɗaya a bayana. Jama'a su sami tataccen sauti, ni kuma in sami abin da yatsuna za su yi hira da shi. Akwatin Marshall mai lasifika huɗu abin sha'awa ne a hoto, amma nauyinsa ya haura kilo 30, kuma wanda zai loda kayansa a adaidaita-sahu bayan sha biyun dare ya san abin da wannan lamba take nufi. Da a ce makaɗi kullum a wurin da ke da kyawawan lasifikokin zaure yake wasa, ko kuwa yana kaɗa jitar katako da ta lantarki a dare guda, da sai in ce masa ya ɗauki FRFR ya huta.

Ko wace hanya aka bi, kada a yanke hukunci a kan kaya da ƙaramar murya. Tun a 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa kunne ba ya jin kauri da sirantakar sauti sosai in ƙara ta yi ƙasa. Saboda haka sautin da aka gyara da dare a ɗakin kwana, ana tsoron tada maƙwabci, yakan fito da kaifi da rugugi fiye da kima ranar da aka ɗaga shi kusa da mai ganga. A gwada akwati a irin ƙarar da za a yi aiki da shi, a kuma matsa gefe a saurara, domin lasifika mai inci 12 tana harba siririyar murya gaba tsaye kamar tocila, wanda ke gefe ba ya samun rabonsa.

Akwai kuma abu ɗaya da ya shafi mu da ke sayen kayan da aka shigo da su na hannu. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa 230. Wasu amfilifayoyin aji D suna karɓar duka biyun, wasu suna da ɗan maɓallin sauyawa, wasu kuwa ɗaya kawai suka sani. A juya bayan kayan a karanta abin da aka rubuta kusa da ramin wayar wuta tun a gaban mai shago, kuma in da janareta za a yi wasa, a sa sitabilaiza tsakani.