Kariya Ba Ta Son Shagwaɓa

Kariya itaciya ce ta ƙasar fari. A cikin kumburarren gindinta take ajiye ruwa, shi ya sa takan yi jan fure da rani, bayan ta kaɗe ganyenta. Amma a Suleja, inda damina takan kai tun daga Afrilu har Oktoba, yawan ruwa shi ne ajalinta.

Akwai wani dattijo a garin, tsohon malamin makaranta, wanda ya zo da 'yar ƙaramar kariya daga gidan mahaifinsa a Katsina. Yanzu gidan ya rushe, ita kaɗai ta rage masa. Garin kuwa ya yi suna da tukwane masu ƙyalli tun da Ladi Kwali ta shiga makarantar ginin tukwane ta Michael Cardew a 1954. Duk da haka malam tukunyar ƙasa ta Gwari ya zaɓa, domin tana tsotse laima. Ya huda gindinta, ya zuba tsakuwa da yashi.

Da damina yakan janye ta ƙarƙashin rumfa. Ba ya ba ta ruwa sai ƙasar ta bushe ƙamas. Yakan kuma ɗora ta inda jikoki ba su kaiwa, gama ruwan jikinta dafi ne, da shi maharba suke dafa kibiya a da.

In maƙwabta suka ce yana horon ta da ƙishirwa, sai ya ce ai ya san halin 'yar garinsu.