Wardin Ɗa'ifa da Tsakar Gidan Tudun Jukun

A Ɗa'ifa wardi amfanin gona ne. Ana nomansa yadda ake noman barkono a fadamar Galma, ana lissafin kuɗinsa, kuma akwai gidajen da cinsu da shansu na shekara ya rataya a kan 'yan makonnin da yake fure. Wanda ya tashi a Tudun Jukun kamar ni yakan jima kafin hakan ya zauna masa, domin mu a Zariya wardi ƙamshi ne da ke zuwa a kwalba. Mun san shi a tolar turaren da alhazai ke tsaraba da ita, mun san shi a humrar amare. Itacen kuwa, in an gan shi to a GRA ne, ko a gidajen malaman jami'a a Samaru, ko a bakin titi wajen masu sayar da dashe cikin baƙar leda.

Ɗa'ifa tana kan duwatsu gabas da Makka, kusan mita 1,800 sama da teku. Wanda ya taɓa hawowa ta hanyar Hada ya san yadda zafin Makka ke sakin mutum tun kafin ya kai ƙololuwa. A Hada da Shafa gonakin wardin suke, wasu a kan tudun da aka sassare aka tokare da duwatsu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, kusan iri ɗaya tak ake shukawa, wato wardin Dimashƙa mai ganyen fure talatin. Launinsa ja ne mai haske, itacen kuma duk ƙaya, rassansa a barbaje. Da za a ajiye shi a bakin titin Samaru kusa da manyan jajayen wardin masu sayar da dashe, ba na jin akwai mai taya shi. Sau ɗaya yake fure a shekara, daga Maris zuwa Afrilu, sauran watannin sai ganye da ƙaya. Manoman sun yarda da wannan saboda abu ɗaya suke nema a jikinsa, shi ne ƙamshi.

Ana idar da sallar Asuba masu tsinka ke shiga gona, don da rana ta ɗaga man da ke cikin furen sai ya fara gudu. Da yatsu ake tsinka, a kama ƙasan furen a karya, a jefa cikin kwando. Kafin hantsi an kai furen matata. Dubu-dubu ake cinikinsa. A can akwai tukwanen jan ƙarfe a jere, kowace an gina ta a kan murhu. A zuba fure da ruwa, a rufe ruf, a sa wuta kaɗan-kaɗan. Tururin ya bi ta bututu, bututun ya ratsa ta cikin ruwan sanyi, sai ya riƙa ɗiga cikin ƙatuwar kwalba. Ruwan wardi ya taru a ƙasa, man ya taso sama siriri, a zuƙe shi da sirinji. Furanni dubbai ake dafawa kafin a cika tola guda, ita kuwa tola ba ta kai giram 12 ba. Ruwan da ya rage ba a zubar da ko ɗigo: ana sa shi a shayi, a ruwan sha, a kayan zaƙi, a yayyafa wa baƙo a hannu. Da wardin nan ake haɗa ruwan Zamzam idan za a wanke Ka'aba. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa al'adun da suka shafi wardin Ɗa'ifa cikin jerin gadon bil'adama.

Mu koma gida. Mai sayen wardi a Zariya da ido yake zaɓe. Ya tsaya da mota, ya nuna wanda ya fi ja ko ya fi girma, ya biya. Mafi yawan abin da ake nuna masa jikokin irin nan ne da Turawa suka ƙirƙiro tun daga wardin La France na 1867, waɗanda aka yi ta aurarwa don girman fure da kyan tsayuwa a ƙasashe masu sanyi, har da yawansu ƙamshin ya ragu. Itacen ya yi kyau a watan Janairu, zafin bazara ya sauko a Maris, ganye ya ƙone, gara ta ƙarasa saiwar. Daga nan sai a yanke hukunci cewa wardi ba ya yi a ƙasarmu.

A cikin unguwa kuma ko wannan gwajin ba a cika yi ba, kuma ina ganin akwai hujja. Tsakar gidan Bahaushe tana da ƙa'ida: duk abin da ya ci wuri da ruwa sai ya yi aiki. Zogale na kwaɗo da miya, lalle na ƙafar mata, gwanda da lemun tsami na ci da magani, darbejiya ta inuwa da zazzaɓi. Goggona, Allah ya jiƙanta, idan yaro ya shigo da wani dashe daga makaranta, tambayarta ɗaya ce: "Ci ake ko sha?" Idan babu amsa, tukunyar ta koma bayan ɗaki. Wasu na ɗaukar wannan rashin son ado. Ni ban yarda ba, don matar da ta bar lalle ya yi fure a bakin ƙofarta ta san daɗin ƙamshi da almuru fiye da mai jera furen roba a falo. Manomin Shafa ma tambayar Goggo yake yi wa itacensa, kuma wardinsa yana da amsa. Wardin da aka kawo mana ne ya zo a matsayin kayan ƙawar gidan manya, shi ya sa bai samu shiga zaure ba.

Sai dai kada wani ya ce zai ɓoye reshe a jakar Umara. Ban da dokar shigo da tsirrai, wardin Dimashƙa yana son sanyin hunturu na gaske kafin ya yi fure sosai. A Ɗa'ifa cikin tsananin sanyi ake yi masa aski, kuma daga rassan da aka sare ake samun sabon dashe. Zariya kuwa ba ta kai mita 700 sama da teku ba. Jos da ta haura 1,200 ta fi mu kusa da wannan yanayi. Waɗanda ya kamata mu duba su ne mutanen Indiya da Pakistan, masu zafi irin namu ko fiye, waɗanda ke noma jan wardi mai ƙamshi da ke maimaita fure, suna kitsa shi a zare suna haɗa shi da sukari.

Saboda haka shawarata ga mai son wardi a Tudun Jukun ita ce ya zaɓa da hanci, kuma ya zaɓa daga maƙwabta. Ya nemi gidan da itacen ya ga bazara biyu ko uku bai mutu ba, ya sunsuna, in ya ji ƙamshi ya roƙi reshe. Wannan itacen ya riga ya ci jarrabawar da babu mai sayar da dashe da zai iya yi masa alkawarinta. Reshe mai kaurin fensir, tsawon taƙi guda, a cire ganyen ƙasa, a soka rabinsa cikin ƙasa mai yashi, a ajiye a inuwa har ya tofo. In kuwa ɗan aure aka saya, a riƙa cire tohon da ke fitowa ta ƙasan wurin auren, don shi ne ke shanye ƙarfin itacen.

Wurin dasawa ya fi komai. Jikin katangar da ke samun ranar safe, inuwa ta rufe ta bayan Azahar, nan ne wurinsa. Taki ya zama ruɓaɓɓe, na awaki ko na shanu, don ɗanye yana ƙona saiwa, busasshen kara a gindi kuma gayyatar gara ce. A zuba ruwa a gindi, kada a jiƙa ganye, musamman da damina lokacin da baƙaƙen ɗigo ke kama shi. Bayan ɗaukewar ruwa a Oktoba a rage rassa, don a ƙasarmu da hunturu yake yin furensa mafi kyau. Ƙayarsa kuma kada ta ruɗi kowa, akuya ba ta tsoronta; sai an kewaye.

Maganar ruwa ce mai wuya, kuma ban raina ta ba. Gidan da ke sayen jarka wajen 'yan ga-ruwa ba zai ware wa fure bokiti ba. Amma kowane gida yana da wurin alwala, kuma ruwan da ke zuba a can sau biyar a yini babu sabulu a cikinsa. Ya ishi itace ɗaya in aka dasa shi inda ruwan ke gangarawa, aka yi masa magudana don kada ya kwanta. Abin da ya fi damuna shi ne simintin da muke malalewa a tsakar gida daga bango zuwa bango. Ya kori zogale, ya kori lalle, ya ƙara mana zafin dare. Mai sabon gini ya bar ko da kamu biyu na ƙasa a jikin katanga. Wanda ya riga ya malale ya nemi fasasshiyar randa ko rabin duro.

In itacen ya kama, matatar Ɗa'ifa tana da ƙaramar 'yar'uwa a kowane madafi. A tsinki furen da sassafe, wanda ba a fesa wa maganin ƙwari ba, a zuba a tukunya da ruwa kaɗan, a ɗora kwanon sha a tsakiya bisa dutse mai tsabta. A kifa murfin a juye, a zuba ruwan sanyi a kansa, a rage wuta. Tururin da ya taɓa murfin zai gangaro ya ɗiga cikin kwanon. Man wardi ba zai samu ba, wannan sai dubban furanni, amma ruwan wardin da za a sa a shayi ko a haɗa humra zai samu, kuma in an zuba shi a kwalba mai murfi aka ajiye a wuri mai sanyi yakan yi makonni bai juya ba.