Sito ya koma coci

A Apapa na tsaya gaban wani tsohon sito, inda a da 'yan dako ke sauke buhuna daga tashar jiragen ruwa. Yanzu coci ne, an jera kujerun roba, ana gwada lasifika. Haka Legas take sauya kama a hankali. Cocin Redeemed, da aka kafa a 1952, ya gina gari guda a hanyar Ibadan, har direbobinmu sukan yi lissafi da cunkoson daren taronsa na wata-wata. Fataken goro ma da suka kafa Zangon Agege suna da masallacinsu. Baƙo a babban birni yakan fara neman inda za a san sunansa, a yi cigiyarsa in an kwana biyu ba a gan shi ba. Daga nan unguwa take tsirowa.